Tsagar Gidan Nkohla

Tun Babalwa tana 'yar firamare a Katlehong, kusa da Johannesburg, take da tsaga biyu a tsakanin girarta. Ba wuƙa ce ta yi su ba, da su ta taso, suna ƙara zurfi tana ƙara tsawo. Ta dama a miƙe take. Ta hagu ta fi tsawo, kuma can sama ta ɗan lanƙwasa kamar bakin lauje. Ko tana cikin murna, wanda ya dube ta sai ya ɗauka an taka mata ƙafa. Malamai su tambaye ta wa ya taɓa ta, samari su nufo ta da fara'arsu, su hango goshin nan su canza hanya. Mahaifiyarta, Mama Nokwanda, ba ta tambayar komai. In ta ɗago daga kan keken ɗinki suka haɗa ido, sai ta kawar da kai ta ce, "Saki fuskar nan, kina kallona kamar mutumin nan."

Mutumin nan shi ne Mzoli Nkohla, wanda ya zo aikin haƙar zinariya daga wani ƙauye a bakin kogin Tsomo. Ya yi wa Nokwanda daɗin baki har ciki ya shiga, ya tafi gida hutun Kirsimeti, kuma har yau hutun bai ƙare ba. Ba a faɗin sunansa a gidan. Sau ɗaya Babalwa ta ji shi, a bakin wata maƙwabciya da ta sha ta ƙoshi.

A wajenmu in ka haɗu da dattijo, ba sunanka ne ya dame shi ba. Tambayarka zai yi kai ɗan wane gida ne, kai kuma ka jero kirarin kakannin ubanka, shi ma ya jero nasa, sannan a san yadda za a zauna da juna. Babalwa na mahaifiyarta take jerowa. Dattijai su gyaɗa kai cikin ladabi su ce madalla, amma ta san sun gane, kuma duk lokacin da aka yi haka sai ta ji kamar an kama ta da kayan aro a jiki. Wannan ciwon ta daɗe da shi, ko kuɗi da mota ba su warkar da shi ba.

Ta samu su kuwa, kuɗin da motar. Tana da shekara arba'in tana sayar da manyan gidaje a Sandton. A nan ne shugabarta, wata Baturiya mai suna Marelize, ta ja ta gefe ta gaya mata cikin taushin murya, irin taushin da ya fi zagi ciwo, cewa masu saye suna cewa tana kallonsu kamar ba ta yarda za su iya biya ba. Ta ba ta lambar wani likita a Rosebank. Rabin matan ofishin ma wajensa suke zuwa, ba abin ɓoyo ba ne, a lokacin cin abincin rana suke leƙawa su dawo.

Likitan ya sa ta haɗe gira, ya ɗiga alamu da farin fensir, ya yi mata allurai 'yan ƙanana da ba su fi cizon tururuwa zafi ba. Ya ce naman da ke tattaro girar zai yi barci na 'yan watanni, ta dawo kafin ya farka. Kafin mako ya zagayo goshin Babalwa ya zama sumul kamar ƙwai.

Ba yabon Marelize ne ya mayar da ita wajen likitan ba. Ranar Lahadi ce ta je Katlehong bayan an tashi daga coci, Mama Nokwanda ta buɗe ƙofa, ta dube ta, kuma ba ta kawar da kai ba. Ta daɗe tana kallonta. Ta ɗora tafin hannunta a kuncinta, abin da Babalwa ba ta tuna ranar da aka taɓa yi mata shi ba, ta ce, "Yau dai na ga 'yata." Ranar cinyar kaza duka biyu a farantin Babalwa suka sauka. Daga nan ba ta ƙara bari naman nan ya farka ba. Shekara uku tana kai shi ana ƙara masa barci, har alamar tsagar ta shafe gaba ɗaya.

Ana cikin haka wani ya kira ta a waya, ya ce sunansa Lungile Nkohla, ɗan wan mahaifinta ne. Ya ce Mzoli ya rasu a sanyin bara, amma kafin ya cika ya gaya wa yayarsa Nofezile cewa ya bar 'ya a Goli, wato Johannesburg. Tun daga ranar tsohuwar ta hana kowa sakat. Suna so ta zo a watan Disamba lokacin da kowa yake gida, a yanka mata akuya a bakin garke, a gabatar da ita ga magabata kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gida, ta ɗauki kirarin ubanta.

Babalwa ta zauna a cikin mota ta yi kuka har ta gode Allah. Sannan ta shiga shiri. Ta sayi barguna na tsofaffi, buhun sukari, ganyen shayi, kwalabe na maza. Ta ɗinka doguwar riga da ɗankwali irin na mutunci. Mahaifiyarta kuwa, Babalwa ce mata ta yi aiki ne zai kai ta Durban, don ba ta da ƙarfin halin faɗin sunan mutumin nan a gidan nan. Ana saura 'yan kwanaki tafiya ta koma Rosebank, alhali lokacin komawarta bai yi ba, ta ce wa likita ya ɗan ƙara mata. Tana so mutanen da suka yar da ita su ga babu ko ɗigon wahala a fuskarta. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma ita ma ta sani.

Da hantsi ta isa ƙauyen. Hayaƙi na tashi daga manyan tukwane, mata na jiƙa masara da wake, an ɗaure wata farar akuya a jikin shingen garke. Wani dogon mutum ya taho buɗe mata ƙofar shinge yana dariya, ya ce shi ne Lungile. Ta dube shi. Bakinsa dariya yake yi, amma a tsakanin girarsa ga tsaga biyu, ta hagu ta fi tsawo, ta lanƙwasa a sama.

Ta fito daga mota. Matar da ta karɓi jakarta tana da tsagar. Dattijan da ke zaune a kan benci a gefen garke, uku daga cikinsu suna da ita. Duk inda ta juya fuskarta ta dā ce take kallonta, wadda ta biya aka rabu da ita. Suka yi mata maraba da hannu biyu, amma ta ga idanunsu suna hawa goshinta suna sauka, suna komawa kan juna. A bayanta ta ji wata tana ce wa wata, ba ma cikin raɗa sosai ba, kyakkyawa ce kam, amma anya.

Lungile ya bayyana mata a kan hanyarsu ta zuwa ɗakin tsohuwa. Shekarun baya wani ya taɓa zuwa ya ce shi ɗan wani ƙanen iyayensu ne, aka yanka masa akuya, aka kira sunansa a garke, daga baya ta fito cewa ƙarya ce. A shekarar shanu suka yi ta mutuwa. Tun daga nan ba a kai kowa gaban magabata sai Dadobawo, wato gwaggo Nofezile, ta duba shi. Ya ce kada ta damu, ai jini ba ya ɓuya. Sai dai yana faɗi yana satar kallon goshinta.

Gwaggo Nofezile tana zaune a kan tabarma a cikin zagayayyen ɗaki, an lulluɓe ta da bargo duk da zafin da ake yi. Farar yana ta rufe mata ido, haske da duhu kawai take bambancewa. Mata sun cika ɗakin a ɓangare ɗaya, maza a ɗayan. Babalwa ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta miƙo hannu biyu, busassu masu ɗumi, ta kama fuskarta. Ta shafa kunnuwa, ta shafa haɓa, ta yi wani ɗan gurnani na jin daɗi. Sannan babban yatsanta ya hau tsakanin gira. Ya wuce. Ya dawo. Ya sake wucewa.

"Haɗe gira, 'yar nan."

Babalwa ta yi. Wato a cikin ranta ta yi, ta tattaro duk ƙarfinta ta tura wajen, amma ko gezau. Idanunta kawai suka ƙanƙance.

"Na ce ki haɗe gira. Ki tuna wanda ya ɓata miki rai."

"Na haɗe, Dadobawo."

Tsohuwar ta sauke hannunta a kan cinya. Ta tambaye ta shekarunta, ta faɗa. Tsohuwar ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa jin ɗan Nkohla da ya wuce shekara goma babu tsagar nan ba, balle wadda ta yi arba'in da uku a Goli. Ta tambaye ta ko dā tana da ita. A nan Babalwa ta yi abin da har gobe in ta tuna take rufe fuska: ta ce a'a, ita mahaifiyarta ta biyo.

Lungile, da yake yana son abin ya yiwu, ya ce ta nuna hotunanta na dā, masu ido su duba. Ta buɗe waya. Babu ko ɗaya. Na dā ta goge su tuntuni, waɗanda suka rage kuma duk ta bi su ta gyara kafin ta ajiye. Wata matashiya ta ce ai yanzu ana gwajin jini, wani kawu mai suna Sandiso ya amsa daga ɓangaren maza cewa magabata ba su yi makaranta ba, ba za su karanta takardar asibiti ba. Aka ɗan yi dariya. Sai aka fara shirin sallamar baƙuwa cikin mutunci.

Ta bakin ƙofa Babalwa ta hango wani mutum yana kwance igiyar farar akuyar daga shinge. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta ce ƙarya ta yi. Tana da tsagar. Biyu ne, ta hagu mai lanƙwasa. Allura ake yi mata a birni don kada ta fito.

Ba kowa ya gane ba sai da Thobeka, wata 'yar gidan da ke aiki a wani shagon gyaran gashi a East London, ta yi bayani, kuma ba ta rage komai ba. Ta ce allurar matan masu kuɗi ce, ana kashe naman goshi don kada a ga tsufa. Ta tashi tsaye ta kwaikwayi yadda suke dariya, baki na motsi sama a ƙame. Mata suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki.

"Kai, sisi, 'yar'uwa," in ji Thobeka tana share hawaye, "garin gyaran gira kin rasa ido. Mu nan muna yawo da ita kyauta, ke kin biya an ɗauke miki."

Babalwa ta so ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ko kunyar ba ta fito a fuskarta ba. Hawaye na zuba, goshi na ƙyalli lafiya lau, kamar ba ita ake yi da ita ba.

Gwaggo Nofezile ba ta yi dariya ba. Ta buga tafin hannu a ƙasa sau ɗaya, ɗakin ya nutsu.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, mntanam, 'yata, kuma kada ki ƙara min ƙarya. Da kika kai aka goge ta, kin san ta wace ce?"

Ga hanya nan a buɗe. Ta iya cewa aiki ne, Marelize ce, masu sayen gida ne, kuma duk gaskiya ne. Amma ta tuna keken ɗinki, ta tuna kan da ake kawarwa.

"Na sani, Dadobawo. Kullum ana gaya min."

Tsohuwar ta daɗe tana juya baki kamar mai tauna wani abu. Sannan ta ce ƙanenta ya goge 'yarsa shekara arba'in, 'yar ita ma ta goge shi, to ba ta ga wanda za ta ba gaskiya ba, kuma ba ta ga laifin yarinya ba. Amma ba za ta tsaya a bakin garke ta kira iyayenta ta nuna musu fuskar da ba su sani ba. Me za ta ce musu? Ta tambaya ko abin yana dawowa. Babalwa ta ce yana dawowa in an daina, bayan 'yan watanni.

"To, akuya za ta jira," in ji tsohuwar, tana jan bargonta. "Ni ce ban yi miki alkawarin jira ba."

Abincin da aka dafa ba a zubar ba, an ci. Sai dai Babalwa a kan kujerar roba aka zaunar da ita a inuwa, aka kawo mata nata a farantin tangaran da cokali da tsumman goge hannu, kamar yadda ake yi wa matar fasto. 'Yan gida suna can a kan tabarma sun kewaye babban kwano ɗaya suna hira. Da zagi aka yi mata da ya fi mata sauƙi. Washegari da sassafe ta kama hanya, barguna da sukari ta baro su a bakin ƙofar tsohuwar.

Watannin da suka biyo baya, matar da ta yi shekaru tana gudun madubi ta koma kullum tana gabansa. Da safe ta tsaya ta haɗe gira, tana roƙon naman nan ya farka kamar mai tashin yaro zuwa makaranta. Saƙonnin asibitin Rosebank suna shigowa suna tuna mata lokaci ya yi, tana gogewa. Duk sanda waya ta yi ƙara ta ga sunan Lungile, sai ta ɗauka tsohuwa ta cika. Ya ce tsohuwa tana nan, amma tari ya kama ta, kuma ta rage cin abinci. Wajen bikin Ista wata 'yar inuwa ta fara bayyana a gefen hagu. Marelize ta tambaye ta ko ba ta samun barci, ta ce tana samu.

Matsalar ranar Lahadi ce. Ba ta son ganin kan nan ya sake kawarwa. Sai ta fara zuwa Katlehong da ɗankwali, tana jan shi ƙasa har ya rufe gira, kamar sabuwar amarya a gidan surukai. Mama Nokwanda ta ƙyale ta Lahadi biyu. A ta uku suna tsinke alayyafo a kicin, sai ta miƙa hannu ta zare ɗankwalin ta ajiye a kan tebur. Babalwa ta kai hannu za ta rufe goshi, uwar ta riƙe hannun.

"Durban ɗin naki yana da nisa," in ji ta. "Wa kike zato ya ba Lungile lambarki?"

Ashe ita ya fara nemowa. Ta ba shi lambar, ta zauna tana jira 'yarta ta zo ta gaya mata, sai ta ji zancen aiki a Durban, ita ma zuciya ta ɗebe ta ta yi shiru. Ta ce da Babalwa ta buɗe baki, da ta hana ta komawa wajen likitan nan kafin tafiyar, don Mzoli ya sha ba ta labarin tsagar gidansu yana alfahari da ita. Wannan ne karo na farko da Babalwa ta ji sunan a bakin mahaifiyarta. Ya fito da ƙyar, amma ya fito.

Uwar ta dubi tsagar. Babalwa na kallo ta ga wuyanta yana son juyawa, ta ga ta hana shi.

"Na mare ki a kan wannan abin kina ƙarama," in ji ta. "Ba ke nake mari ba. Tashi ki tafi tun tsohuwar nan tana numfashi."

Lokacin da ta koma ƙauyen an gama girbin masara, sanyi ya sauka, ciyawa ta bushe. Babu taro a wannan karon. Farar akuyar tana kiwo a bayan gida, ta ƙara ƙiba. Thobeka ce ta fara hango ta, ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta dubi goshinta ta rufe bakin, ta karɓi jakar ta wuce gaba.

Gwaggo Nofezile ba ta iya zama yanzu, a kwance take, ta rame har bargon ya fi ta nauyi. Babalwa ta durƙusa ta kai fuskarta kusa. Sai da Lungile ya ɗaga hannun tsohuwar ya ɗora mata. Yatsan bai tsaya neman kunne ko haɓa ba, kai tsaye ya nufi tsakanin gira. Ya faɗa cikin ta dama. Ya koma ta hagu, ya bi ta a hankali har sama, har inda ta lanƙwasa, ya tsaya a nan.

"Ga ka nan," in ji tsohuwar, kuma ba da Babalwa take ba. "Ɗan banza. Ashe nan ka ɓuya."

Ta ce wa Lungile ya je ya kamo akuyar, ya kira Sandiso, kuma a ɗauke ta a kai ta bakin garke ko da a cikin bargo ne. Da ya fita ba ta saki fuskar ba. Babalwa tana kuka, duk goshinta ya tattare a ƙarƙashin yatsan, tana ba da haƙuri tana maimaitawa. Tsohuwar ta ɗan danna yatsan, ba da ƙarfi ba, don ƙarfin babu.

"Ya isa, mntanam. Sau ɗaya na binne ƙanena. Kada ki ƙara binne min shi."